Shekarar da Kalangu Ya Shiga Tafsirin Malam

Ku 'yan turi na bakin tasha, masu rumfa da lasifika, na ji abin da kuke faɗa. Wai sana'ar nan ba komai ba ce, soka waya ne a jikin kwamfuta, a jawo a ajiye, a miƙa wa mai ita. Ban ga laifinku ba. Zuwa kuka yi kuka tarar an yi shara an shimfiɗa tabarma. Wayoyin yanzu duk abin da aka zuba musu haɗiyewa suke kamar akuyar kasuwa. Lokacin da na fara, waya ta fi mai sabon ciki zaɓen abinci, ita kuma kwamfuta sai an lallashe ta kafin ta buɗe abin da aka ɗauko daga talabijin. Sunana Rabi, a unguwarmu nan cikin Daura Gwaggo Mai Turi ake ce mini. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, wannan da kuke karantawa faɗa nake ana rubutawa. Ku natsu ku ji.

Asalina dillaliya ce. Tun ina da ƙarfina nake shiga gidaje da ƙullin atamfa da kwanuka da turare. Da aka kawo Shari'a gidajen kallo suka yi sanyi, makaɗan biki suka rage fita, sai matan kulle suka koma neman kaset ɗin wa'azi. Na ƙara kaset a cikin kayana. Kaset ya wuce, faifai ya zo, shi ma ya wuce, sai ga waya mai memori. A nan abin ya tsaya wa mata. Masu turi duk samari ne a kasuwa, waya kuwa ɗakin mace ce. Hotonta ba mayafi yana ciki, na 'ya'yanta yana ciki, lambobin danginta suna ciki. Wane magidanci ne zai yarda a kai wannan rumfar samari? Mata suka yi ta ce mini, "Gwaggo, da ke ce mai turin nan da mun huta."

Sabi'u ne ya mayar da maganar gaskiya. Ƙanen marigayi mijina ne, sana'arsa ɗaura dish a kan soraye. Wata rana da hantsi ya shigo da tsohuwar kwamfuta a kan babur, ya dire ta a ƙofar ɗakina.

"Matar yaya, ƙafafunki sun gaji da yawo. Ga jaki na kawo miki. Ba ya cin dusa, wuta kawai yake sha."

Na ce, "Jakin da ba ya jin Hausa me zan yi da shi?"

Ya ce, "Ke ma ai ba jin magana kike ba, ga shi yaya ya zauna da ke har Allah ya karɓi abinsa."

Na ɗaga muciya, ya kauce yana dariya. Ranar ya ɗaura mini dish, ya ajiye dikoda, akwatin nan da ke kamo tashoshi, irin wadda ake soka mata filashi a baya ta riƙa ɗaukar shiri. Kwamfutar ta zo da lasifika biyu. Ɗaya ta mutu tun daminar farko, ban damu ba, ɗayar ma ta ishe ni ji.

Koyon bai zo da sauƙi ba. Rubutun da ke jikin allon ban san shi ba, har yau ma ban sani ba. Da siffa da wuri na koya, kamar yadda na san gidajen garin nan ba tare da an rubuta sunan kowa a ƙofa ba. Wannan mai launin ganye na sama, wancan na uku daga ƙasa, wancan idan ya fito da jan baki kada a taɓa shi. Lamba kam na sani, wanda ya yi dillanci bai rasa sanin lamba. Sabi'u ba malamin kirki ba ne, hannunsa ya fi bakinsa sauri. Sai na riƙe masa hannu na ce, "Maimaita. A hankali. Ba aljani nake koya wurinsa ba." Idan ya tafi in zauna in yi ta yi ni kaɗai har abin ya zauna mini a yatsa.

Aikina na farko wani shirin mata ne a kan yaye, maƙwabciyata ta ce in ɗaukar mata. Na soka filashi, na danna jan maɓalli, shiri ya ƙare na cire na kai wa kwamfuta. Murya ta fito tas, hoto kuwa baƙi ƙirin. Na sake, haka. Na aika aka kira Sabi'u, ya duba ya ce, "Ba ta da kodek ɗinsa." Na ce, "Wane ne kuma shi?" Bayanin da ya yi mini ban gane ba, sai daga baya na gane da kaina, kuma ga yadda na gane. Hoton talabijin kaya ne mai yawa, ba ya shiga filashi a baje, sai an ninke shi an ƙulle. Kowace tasha da irin ƙullinta. Kodek shi ne hannun da ya san kwance ƙullin. Hoto da hannunsa, murya da nata. Idan kwamfuta tana da hannun murya ba ta da na hoto, za ka ji ba za ka gani ba. Idan na hoton ne da ita kawai, sai ka ga mutum yana ta motsa baki kamar kifi. Sunayen nan da kuke rantsuwa da su, MP4 ne, 3GP ne, waɗannan kwanuka ne kawai. Kwano ɗaya yau a zubo tuwo, gobe a zubo dambu. Wanda ya tsaya a sunan kwano bai san abin da zai ci ba.

Sabi'u ya je Kano ya dawo da kodek iri-iri, ya zuba su duka a kwamfutar don ya huta da aikena. Abin ya fi da lalacewa. Shirin da yake buɗewa jiya yau sai ya fito kore shar, wani kuma ya yi ta tsalle. Dillalai biyu a kan kaya ɗaya ciniki ba ya faɗawa. Sai da muka zauna muka cire na cirewa, muka nuna mata wanda zai riƙa shiga gaba a hoton dikoda, da wanda zai riƙa kwance murya. Tun daga nan ban yarda kowa ya ƙara mata komai ba sai ina tsaye a kansa.

Akwai wata Hajiya daga garin Babban Mutum da ta zo da waya 'yar ƙarama, irin mai ƙara kamar rediyo. Ta ce wani yaro a kasuwarsu ya tura wa mijinta wa'azi, malamin yana rufe baki sannan maganarsa take isowa. "Gwaggo, tsoro ma yake ba ni." Wannan ciwon na san shi. Hoton ya fi ƙarfin wayar, tana ta fama da ɗaukarsa, murya kuma ba ta jiran kowa, sai su rabu a hanya. Maganinsa a sauƙaƙa mata kaya. A rage faɗin hoton ya zo daidai fuskarta, a rage yawan hotunan da ke gudu a cikin ƙiftawar ido, a juya murya zuwa irin wadda take iya haɗiya. Kowace waya da cikinta. Akwai wadda idan ka ba ta hoto mai kyau sai ta ƙi, sai ka ɓata shi kaɗan ta karɓa. Ina ganin waya a hannun mace tun daga bakin ƙofa na san abin da za ta ci.

Wata kuma daga Zango ta dawo mini da aiki, wai na ramar da mai gabatar da shirin girki. "Matar nan fa mai jiki ce, Gwaggo, ga ta nan kin mayar da ita kamar kara." Gaskiyarta. Hoton tashar mai faɗi ne, fuskar wayarta mai tsayi, abin da ke juya hoto a kwamfuta ya matse shi don ya cika. Sai an ce masa ya bar baƙi sama da ƙasa, mutum ya fito yadda Allah ya halicce shi. Haka hoton talabijin idan ya hau kwamfuta, da mutum ya ɗaga hannu sai ka ga gefen hannun ya yi haƙora kamar matsefi. Akwai wurin da ake dannawa a share wannan kafin a juya. Wanda bai share ba ya tura wa mutane haka, ya cuce su.

Ina da dokokina. Ba na buɗe hoton kowa. Ba na tura abin da ban kalla ba. Duk shirin da na ɗauka sai na zauna na kalle shi a kwamfuta daga farko har ƙarshe. Idan na juya shi ya hau waya, sai in kunna farkonsa in ga hoto da murya sun tashi tare, in miƙa. Haka kowa yake yi a lokacin, masu yin ma ke nan. Da wannan magidanta suka saki jiki da ni. Waya takan zo mini daga gidajen da ko mai tallan goro ba ya shiga.

Shekarar da ta kusa rufe ni kuwa, da azumi ne. Malam Hamisu, mai tafsiri a masallacin unguwarmu, wata tasha mai nisa ta gayyace shi ya yi karatu a talabijin. Ba a taɓa ganin ɗan unguwarmu a talabijin ba. Mata ba sa zuwa masallacin, da yawansu shekara da shekaru muryarsa kawai suke ji ta kan katanga. Kowacce ta ce sai ta gan shi. Tashar ban taɓa ɗaukar komai a cikinta ba. Sabi'u ya zo ana gobe ya nemo ta, ya daddanna rimot har murya ta fito daidai, ya tafi. Da la'asar Malam ya bayyana da farin rawaninsa, na ɗauka. Na kalla a kwamfuta daga bisimilla har addu'a, ba abin da na ji sai karatu. Na juya, na gwada farkonsa a waya, lafiya lau. Wayoyi suka yi ta shigowa, ina turawa suna fita.

Washegari da hantsi matar ladan ta shigo ba sallamar kirki, ta ajiye mini waya a cinya.

"Gwaggo, me muka yi miki?"

Ta kunna, ta ja shi zuwa tsakiya. Ga Malam yana fassara, hannunsa a sama. A ƙarƙashin muryarsa kalangu ne yake tashi, da wata mace tana waƙa, har da guɗa.

Na ce, "Wa ya taɓa wayar nan bayan ni?"

Ta ce, "Wa zai taɓa? Maigidan ne ya karɓa zai ji bayan asuba. Ta maƙwabciyata ma haka take. Ta kowa haka take."

Kafin azahar zancen ya gama unguwa. Kafin magariba ya fita daga unguwa, domin ɗaliban Malam sun riƙa tura wa juna don kowa ya ga ɓarnar da idonsa, 'yan shayi kuma suka samu suka riƙa kunnawa bayan shan ruwa suna dariya. Aka ce da gangan na yi. Aka tuno cewa marigayi mijina ba a bayan Malam Hamisu yake salla ba. Aka tuno wata 'yar gardama da muka taɓa yi da matar Malam a kan kuɗin atamfa tun ina dillanci. Magidanta suka hana. Ɗakin da ba ya rabo da takalman mata a ƙofa ya koma sai nawa.

Mai unguwa ya aiko. Maza ba sa shiga cikin gida, don haka Sabi'u ya ɗauki kwamfutar a ka ya kai zauren mai unguwa, ni kuma na bi shi da lasifikata. Malam bai dawo daga tafiyar ba. Babban ɗalibinsa Lawal ne ya zo da mutane. Na gaida mai unguwa na zauna gefe. Na ce, "Ranka ya daɗe, ga abin da na ɗauko daga tasha, a saurara." A zatona da an ji shi ke nan. Aka kunna, aka ja tsakiya, karatu tsab ba ko tari. Aka kunna na waya, ga kalangu.

Lawal ya ce, "To ai ta gama yi wa kanta shari'a. Ya shiga gidanta da tsarki, ya fito da najasa. Tsakanin nan da can hannun wa ya bi?"

Na dubi Sabi'u, ya dubi ƙasa.

Na ce, "Ɗan nan, na haifi wanda ya girme ka. Ban sa kiɗa a karatun Alƙur'ani ba."

Ya ce, "To wa ya sa, Gwaggo? Aljanu?"

Mai unguwa mutum ne mai sanyi, amma zauren ya cika, kuma idanu a kansa suke. Ya ce in dakatar da turi. Ya ce zai jira Malam ya dawo. Idan har lokacin ban kawo bayanin da hankali zai ɗauka ba, kwamfuta za ta bar unguwar, magana kuma ta wuce gaban alƙali, shi ba zai iya riƙe ta ba.

Muka koma gida da kayanmu. Sabi'u ya cire kodek ɗin murya ya sa wani, muka juya, kalangu yana nan. Ya sake wani abin juyawar daban, yana nan. Ya ce ko ƙwayar cuta ce ta shiga kwamfutar, ya wanke ta tas, muka sake, yana nan daram, a wuri ɗaya yake shigowa kullum. A asalin kuwa babu shi. Ranar Sabi'u bai tsokane ni ba ko sau ɗaya, a nan na san abin ya kai inda ya kai. Da zai fita ya ce, "Matar yaya, ko ki koma atamfarki?" Na ce, "Gidan da aka hana waya fita, ni za a bari in shiga da atamfa?"

Ana cikin haka wata Talatu mai ƙuli-ƙuli ta zo daga Baure. Labarin kalangun bai kai mata ba, ta shigo da wayarta tana son karatun da ake ta zance. Na ce mata na dakata. Ta zauna hutawa kafin motarsu ta cika. Lasifikar wayarta ta daɗe da mutuwa, da igiyar kunne take ji, wadda kuke kira iyafis. Ni kuma na kunna asalin karatun ina sake bi, injin niƙan maƙwabta yana ta ruri, ba na jin komai sosai. Na ce, "Talatu, ara mini igiyar nan taki." Na zare lasifika na soka igiyar a ramin, na cusa a kunnuwana biyu. Ban taɓa sa abin nan ba sai ranar.

Farkon karatun a kunne ɗaya kawai nake jin Malam, ɗayan shiru. Na ɗauka igiyar ce ta lalace. Da aka zo tsakiya sai kunnen da ke shiru ya yi ƙara, wani mutum ya yi sallama ya ce ga filin gaishe-gaishe, kalangu ya tashi. Na cire na dama, Malam kaɗai. Na mayar na cire na hagu, kalangu kaɗai, ana gaida wata amarya da ƙawayenta.

Talatu ta ce, "Gwaggo, lafiya?"

Na ce, "Je ki tsayar mini da ɗan acaɓa, a nemo mini Sabi'u duk soron da yake kai."

Da ya zo ya sa a kunne, sai ya dafe kai. Ya ce, "Wallahi ni na danna shi da hannuna." Ashe muryar talabijin hanya biyu gare ta, hagu da dama. Yawancin tashoshi abu ɗaya suke sawa a duka biyun. Ita wannan tashar tana da gidan rediyo, sai ta ɗora muryar talabijin a hagu, rediyonta a dama, jaki ɗaya mangala biyu. Ranar da ya nemo mini tashar ya ji hayaniya biyu, ya danna wa dikoda hagu, ya manta. Dikoda ta riƙa jiyar da mu hagu, amma a filashi duka biyun take zubawa. Lasifikata mai rai ta hagu ce, ta daman ita ce matacciyar. Wayoyin mata kuwa baki ɗaya gare su, da aka zo juyawa sai aka dama hagu da dama wuri guda. Rediyon bai buɗe ba sai da karatu ya yi nisa, shi ya sa farkon yake fitowa lafiya.

Malam ya dawo ana cikin goman ƙarshe. Aka sake taruwa a zauren mai unguwa da hantsi, Sabi'u ya sake kai kwamfutar, ni kuma na taho da igiyar kunne. Na san idan na ce hagu da dama da baki, ba wanda zai tsaya ji. Na ce, "Allah gafarta Malam, ba ni da dogon bayani. Ga igiya mai kai biyu. Ka sa ɗaya, mai unguwa ya sa ɗaya."

Malam ya duba abin ya ce, "Ba ya cizo?"

Sabi'u ya ce, "Sai dai kunnen mai laifi, Allah gafarta."

Igiyar gajeriya ce, sai da suka matso har rawaninsu ya kusa haɗuwa. Na kunna asalin, na kai shi tsakiya. Malam ya lumshe ido yana gyaɗa kai. Mai unguwa ya zabura.

"Subhanallahi! Ga shi nan kuwa!"

Malam ya ce, "Ga me? Ni karatuna nake ji. Har na ji inda na yi tuntuɓe a wata aya."

"Malam, kiɗa ne fa. Har guɗa ake."

"Ranka ya daɗe, ko dai azumi ne ya taɓa ka?"

Na ce su yi musaya. Suka yi. Malam ya saurara jim kaɗan, ya cire, ya riƙe abin a tafin hannunsa yana kallo. Ya ce, "Amarya ake gaisarwa. Allah ya ba su zaman lafiya."

Lawal ya ce, "Allah gafarta, ai wannan ma a kwamfutarta yake. Wa ya san ko ita ta cusa shi a can?"

Tambaya ce mai kyau, ban ji haushinta ba. Mai unguwa yana da dish, Sabi'u ne ma ya ɗaura masa. Aka fito da talabijin ɗinsa zaure, aka kamo tashar. Wani mutum ne da babbar riga yake bayani a kan taki. Sabi'u ya miƙa wa Lawal rimot ya nuna masa maɓallin. "Danna da kanka." Ya danna. Mutumin yana nan yana nuna buhun taki, bakinsa yana motsi, abin da ke fitowa kuwa tallan maganin basir ne daga rediyo. Wani tsoho a bakin ƙofa ya ƙyalƙyale da dariya, ya tuna inda yake ya yi istigfari.

Malam ya ce, "Baiwar Allah ba ta sa komai ba. Haka ya zo mata a rufe." Ya juya wurin ɗalibansa. "Ita matan unguwa ta ba. Ni kuwa a tashar mota ta Zango wani ya nuna mini shi, ya ce ɗalibaina ne suka turo masa don ya taya su baƙin ciki. Kowa ya goge na wayarsa kafin ya bar zauren nan."

Mai unguwa ya ce maganar alƙali ta mutu, in buɗe ɗakina. Amma ya ce duk gidan da na tura wa in bi in goge, in sa mai kyau.

Na bi. Na koma yawon da na bari, gida gida, da bakin azumi. Mai kyau kuwa ba wuya gare shi ba da zarar an sani, kafin a juya ake gaya wa kwamfuta ta ɗauki hagu ta zubar da dama. Sabi'u ya sayo mini lasifika biyu masu rai. Tun daga nan duk tashar da ban sani ba sai na ji ta kunne ɗaya ɗaya, kuma abin da na juya a wayar nake saurarensa har ƙarshe, ba a kwamfuta ba, ko mai ita tana tsaye tana mita. Ku da kuke tura abu goma kafin mutum ya gama gyara zama, wanne kuka taɓa ji har ƙarshe?

Sai dai wankewar zaure daban, ta cikin gida daban. Labarin ɓarna da gudu ya tafi, na gyara kuwa da sanda yake tafiya. Wasu gidajen aka karɓe ni, wasu aka miƙo mini wayar ta bayan ƙyaure, wasu aka ce maigida ya ce a bar shi, sun goge da kansu. Na gama zagayen na dawo na zauna. Salla ta zo ta wuce. Kullum in share ɗaki, in kunna kwamfuta, in kashe. Ba wanda ya hana kuma, amma kowane magidanci jira yake wani ya fara.

Wata Laraba da hantsi na ji sallama. Hajiya Binta ce, matar Malam Hamisu, wadda muka yi gardamar atamfa. Ba ta taɓa taka gidana ba. Ba ta biyo ta lungu ba, ta babbar hanya ta zo, ta gaban masu shayi da teburin mai nama, ta tsaya a ƙofar gida ta yi sallama da ƙarfi yadda maƙwabta za su ji. Na shimfiɗa mata tabarma. Muka gaisa, ta tambayi jikina, na tambayi Malam. Sannan ta zaro waya biyu daga cikin hijabi ta ajiye a gabana.

"Wannan tawa ce. Wannan ta Malam."

Na ce, "Ta Malam da kansa?"

"Ya ce kowa ya gan shi a talabijin ban da shi. A sa masa karatun nasa ya ga yadda rawanin ya zauna."

Na ɗauki wayar na juya ta. 'Yar ƙarama ce mai wuyar sha'ani, irin wadda sai an rage mata hoto sosai. Na jawo kujerata gaban kwamfuta.

Hajiya Binta ta gyara zama ta ce, "Af, har na manta. Ya ce in gaya miki, na hagu kawai. Wai amaryar ta sha gaisuwa haka nan."